Matar Usta Garib

A garinmu, can inda kogin Nil yake ƙarewa cikin teku, kana iya zagin mutum ta uba ya yi dariya, har ya sa a kawo maka shayi. Amma ka kuskura ka kira sunan uwarsa a bakin titi, sai an taru an ɓamɓare shi daga wuyanka. Mace in ta haihu ta zama Ummu wane, wato uwar wane, in ba ta haihu ba matar wane ce, sunanta na yanka kuwa a ninke shi a ajiye kamar rigar amarci a ƙasan akwati. Haka muka tashi muka tarar, kuma mutunci muke ce masa. Abin dariyar shi ne, jiragen ruwan da muke ƙerawa da yawansu sunan 'ya mace ne a goshinsu, da manyan haruffa kore da ja. Uba yakan sa sunan 'yarsa tun tana rarrafe. Ran da ta fara zama budurwa sai ya kira mai fenti ya shafe.

Nabawiyya, wadda gari ya sani da Ummu Sabri, ita ta ce in kira ta da sunanta, in ɗanta ya ji haushi ya zo ya same ta. Ta haura saba'in, gwiwoyinta sun gaji, idonta na hagu ya yi yana, amma bakinta yana nan yadda Allah ya yi shi.

Tirsana, wato filin da ake ƙera jiragen, ta daɗe da rufewa. Wasu masu hali daga birni sun saye wurin za su jera benaye masu kallon teku. Don a rufe bakin tsofaffi sai aka ce za a bar tsohuwar ƙofar, a gina bangon marmara a gefenta, a sassaƙa sunayen waɗanda suka yi babban yajin aikin nan da har yanzu muke taƙama da shi. Labarin ya iske Nabawiyya tana tsintar shinkafa. Tambaya ɗaya ta yi wa maƙwabciyar da ta kawo shi: a cikin sunayen akwai na ƙawarta, marigayiya Ummu Ragab? Maƙwabciyar ta ce ita dai maza ta ji ana ta lissafawa.

Nabawiyya ta ajiye faranti, ta yafa baƙin mayafinta, ta nufi shagon gahawa na bakin tirsana. Mace ba ta shiga wurin, don haka ta tsaya daidai inda inuwar rumfa ta ƙare. Usta Shahata yana ciki, shi ne shugaban kwamitin bangon. Usta muke ce wa gwanin sana'a, kuma a zamaninsa babu kafintan jirgi kamarsa. Yanzu hannunsa rawa yake yi, ko ƙwayar wasan domino sai ya yi da gaske yake ɗauka.

"Usta Shahata, fito. Ko sai na shigo na ba ka kunya?"

Ya fito yana jan silifa. "Ummu Sabri, lafiya da tsakar rana haka? Ke ba ki san tsufa ba ne?"

"Na san shi mana, ga shi tsaye a gabana da hular sanyi cikin wannan zafin. Bangon nan naku, su wa kuka sa?"

"Duk wanda aka kwasa a motar 'yan sanda ran nan, da waɗanda suka rasu a tsare. Ba mu bar kowa ba."

"Ba ku bar kowa ba."

"Ku ma mata ba mu manta da ku ba," in ji shi da sauri. "Akwai hoto, babba. Kuna ɗauke da tiren gurasa a ka, kuna kawo mana. A ɗan ɗakin tarihi za a rataye shi. Har an rubuta a ƙasa, iyayenmu mata da suka ciyar da 'yan yaji."

"Gurasa," in ji Nabawiyya. "Kana cikin mota ana tafiya da kai birni, sai ka ɗauka gurasa ce ta hana jirgin nan sauka ruwa?"

Usta Shahata ya kau da kai ya dubi teku. Masu domino sun daina bugawa, kowa ya kasa kunne yana yi kamar ba ya ji.

"Na sani," in ji shi, ya rage murya. "Wallahi na sani, kuma ni na kawo maganar Ummu Ragab a zama. Amma ke ma kin sani, sunan mace ba na kwamiti ba ne, na mazan gidanta ne. Ɗanta yana raye. In Ragab ya yarda, ni da hannuna zan kai wa mai sassaƙa."

"Da wannan hannun? Kafin ka isa haruffan sun zube a hanya."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Je ki same shi dai, Allah ya sa ki dace."

Hanyar shagon Ragab ta bi ta bayan shingen tirsana, daga nan ana hango gangaren da ake sauke jirgi zuwa ruwa. Nabawiyya ba ta cika son bin wurin ba.

Tana budurwa ta fara aiki a rumfar mata, inda ake murza auduga ta zama igiya mai laushi, wadda maza ke cusawa tsakanin katakai su bi da ƙaro don kada ruwa ya shiga. Aiki ne da ke cinye fatar yatsu, kuma duk jirgin da ya fita daga garinmu bai nutse ba, yatsun matan nan ne a cikinsa, ko da yake ba za ka ji haka a shagon gahawa ba. A cikin rumfar nan kaɗai mata suke kiran juna da sunayensu. Da sun fito ƙofa kowa ta koma uwar wane. Wadda take zama kusa da Nabawiyya ita ce Ummu Ragab, doguwa mai faɗin kafaɗa, mai dariya da dukan jiki. Kwano ɗaya suke cin wake, kuma da Nabawiyya ta zo haihuwar Sabri ita ta riƙe ta. Sunanta kuwa ban sami izinin kowa ba, don haka ku yi haƙuri da ni tukuna.

Yajin ya faro ne daga katakon da ake takawa a hau jikin jirgi. Ya ruɓe, an yi ta faɗa wa masu kamfanin, suka yi kunnen uwar shegu, har ya karye da mutum biyu a rana ɗaya. Maza suka ajiye kayan aiki suka zauna a filin, ga wani babban jirgi an gama shi yana tsaye a kan gangare, mai shi yana jira. Muddin jirgin nan bai taɓa ruwa ba, kamfani yana hannunsu. Sai wata safiya motoci suka zo aka kwashe mazan da ke zaune a filin kaf. Kamfani ya nemo 'yan tsiraru da suka yarda su koma aiki, aka ce yau za a sauke jirgi.

Yadda muke sauke jirgi shi ne, a shafe katakan gangaren da kitse da sabulu har su yi santsi, a yanka rago, maza su tsoma tafin hannu cikin jinin su manna a jikin jirgin, sannan a bi katakan da suka tokare shi a buge da guduma ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe yana fita jirgi ya zame da kansa. An shafa kitsen, an yanka ragon. Ba wanda ya yi tunanin rumfar mata, don wa yake lissafi da mata?

Ummu Ragab ce ta miƙe ta ce kowa ta je gida ta kwaso tokar murhunta. Suka dawo da daro-daro na toka da yashi a ka, mata cike da hanya, wasu da goyo. Masu gadi suka ɗauka gurasar da aka saba kawowa ce suka buɗe musu ƙofa. Suka zazzage tokar a kan kitsen, suka bi da ƙafa suna murjewa, sannan suka zazzauna a kan gangaren, tsakanin jirgi da ruwa. Ummu Ragab ta wuce kowa, ta je ta kwanta a gindin jirgin, Nabawiyya na gefenta. Ummu Ragab tana da dalilinta. A cikin waɗanda suka koma aiki akwai mijinta, Usta Garib, kuma shi aka ba gudumar.

"Ba zai buga ba," ta ce wa Nabawiyya. "Matsoraci ne, amma ba zai buga ba."

Wani ya buga. Jirgin ya yi ƙara ya zame, bai fi kamu ɗaya ba, tokar ta riƙe shi ya tsaya. Duk matan da ke ƙasa suka tsira saboda tokar nan. Amma kamu ɗayan ya ishi wadda ke kwance a gindinsa. Ta rasu kafin la'asar, kanta a cinyar Nabawiyya.

Bayan wannan ba wanda ya iya sake ɗaukar guduma. Gari ya fito, labari ya kai birni, aka sako mazan, aka canja katakan. Mazan suka dawo a kan kafaɗun jama'a ana yi musu kirari, kuma daga ranar labarin ya zama nasu. Usta Garib ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, amma har ya mutu ba wanda ya zauna teburi ɗaya da shi.

Ragab yanzu Alhaji ne, yana sayar wa masunta ƙanƙara, ga tabon salla a goshi, ga furfura a gemu. Yana ganin ta ya miƙe ya goge mata kujera da hannun rigarsa.

"Khalti, da kanki? Da kin aiko ai da na zo." Haka yake kiran ta tun yana yaro, wato 'yar'uwar uwarsa, ko da yake ba su haɗa jini ba.

"Roƙo na zo yi, mai roƙo kuwa shi ke zuwa. Ni na yaye ka da hannuna, Ragab, ban taɓa neman komai a wurinka ba."

"Ki faɗa, ko shagon nan ne naki ne."

"Me zan yi da ƙanƙara, ni da ƙashina yake ciwo? Sunan mahaifiyarka nake so. A bangon nan."

Abin da ya fara yi shi ne ya leƙa ƙofa ya ga ko wani ya ji. Sannan ya dawo ya zuba mata shayi, ya daɗe yana juya sukari.

"Khalti, kin san abin da kike nema kuwa? A kafa shi a bakin titi, direba ya karanta, ɗan iska ya jingina da shi yana shan taba, yara su haddace. Ina da jikoki a makaranta. Gobe a tare yaro a ce masa kai jikan wance."

"To sai me? Ya ce e, ni ne jikanta, wadda ta tsayar da jirgi."

"Ki ce wadda jirgi ya danne. Daga nan kuma sai a tambaya, wa ya saki jirgin?"

Nabawiyya ta ajiye kofin. Dama ta san nan za a zo.

"Ban fi shekara huɗu ba aka ɗauke ta," in ji Ragab. "Ko fuskarta ba na iya tunawa, sai warin ƙaro a mayafinta. Babana shi ya raine ni. Shi ya koyi dafa wake saboda ni, yana ƙona shi kullum, bai sake aure ba. Ina ji ina gani in ya shiga masallaci sahu ya matsa. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse mini cewa jefar da gudumar ya yi, wani ya ɗauka. Ke kina wurin, Khalti. Kin ga shi ya buga?"

Da ta ce e, da wataƙila ta karya shi ya yarda. Da ta ce a'a, da wataƙila ya yarda don murna. Ta san haka sarai, kuma zuciyarta ta raya mata. Amma Nabawiyya mafaɗaciya ce, ba maƙaryaciya ba.

"A kwance nake. Ƙafafu kawai na gani."

"To ki bar matattuna su huta."

"Naka sun huta, tawa ba ta huta ba, a ƙirjina take zaune. Duk matan rumfar nan sun tafi, ni kaɗai na rage. In na mutu wa zai sake kiran ta? Mutum ya zo duniya, ya yi abin da maza suka kasa, a ce ko sunansa bai bari ba?"

Ragab ya bi da kallon ruwan ƙanƙara da ke bin ƙasa zuwa magudana. Can ya ce zai yi tunani. Ya raka ta har bakin titi, ya cusa mata ledar kifi a hannu. Ta karɓa don babu kyau a mayar, amma a hanya ta ba wata mai bara.

Bayan 'yan kwanaki Usta Shahata ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Bai shigo ba.

"An sa ta, Ummu Sabri. Ragab ya yarda."

Nabawiyya ta dafa bango. Ta ɗaga harshe za ta rangaɗa guɗa, muryar ta tsinke a tsakiya ta koma tari, ta yi ta dariya tana share ido. Ta ce ya tsaya ya sha shayi, yau ko hularsa ba za ta taɓa ba. Ya ce sauri yake yi, ya juya ya tafi. Mutumin da tsallaka titi ke ɗauke shi rabin wuni, wai sauri. Ya kamata ta lura, amma farin ciki ya rufe mata idon da ya rage.

Ana gobe bikin buɗewa ta je wurin da yamma. An lulluɓe bangon da tamfol, mai sassaƙa yana tattara kayansa, baƙo ne daga wani gari. Nabawiyya ba ta yi makaranta ba, a zamaninsu 'yar rumfa ba ta zuwa. Ta ce masa akwai mace ɗaya a ciki, ya nuna mata. Ya ɗaga gefen tamfol, ya kama yatsanta ya ɗora a layin ƙarshe, can ƙasa. Ta durƙusa da ƙyar ta bi haruffan tana shafawa, daga dama zuwa hagu, marmarar da sauran ɗumin rana. Ta ji layin ya yi tsawo. Ta ce a ranta lalle har da sunan ubanta da na kakanta suka sa, kamar yadda ake yi wa maza. Ta yi wa Ragab addu'a, ta yi wa Shahata, har mai sassaƙan ta sa masa albarka.

Ranar biki gari ya cika. An kafa rumfa an jera kujeru, manyan baƙi da masu sayen filin a gaba, tsofaffin 'yan yaji a bayansu cikin fararen riguna, Ragab a cikinsu a madadin gidansu. Mata suna can baya, an ja igiya a tsakani. An kawo 'yan badujala daga birni suna tsaye da ganguna da ƙahoni suna jiran a ba su hannu. Aka yanka rago a gindin bangon kamar za a sauke jirgi, tsofaffi suka tsoma hannu suka manna a gefen marmarar. Nabawiyya ta sa baƙar rigarta ta zuwa biki, ta kama igiyar da hannu biyu.

Aka yaye tamfol, aka tafa. Wani mai zaƙin murya ya karɓi lasifika ya fara karanta sunaye, kowane suna jama'a su amsa da Allah ya ji ƙai, ko Allah ya ƙara lafiya in mai shi yana raye. Nabawiyya ta san su duka. Ta san wanda ya yi jarunta, ta san wanda aka tsinto a bayan tulin katako yana kuka aka jefa a mota tare da sauran. Ba ta yi wa kowa baƙin ciki ba. Jira kawai take yi.

Mai karatu ya ɗan dakata, ya sunkuya don layin yana ƙasa.

"Da kuma matar marigayi Usta Garib."

Ba wanda ya yi ƙarya, ku gane. Haka ake rubuta mace mai mutunci a garinmu, haka ake sa ta a sanarwar rasuwa. Ummu wane maganar baki ce, a rubuce mijinta ake sawa. Ragab ya ce in dai za a sa ta to haka za a sa ta, kwamiti kuma ya ga an sami mafita, an ba tsohuwa abin da take so, ba a keta haddin kowa ba. Sai ga sunan Garib, mutumin da aka ƙi sha masa ruwa har ya mutu, a sassaƙe cikin marmara tare da mutanen da ya bari ya koma aiki. Matasa suka amsa da Allah ya ji ƙai. Tsofaffi suka sunkuyar da kai kowa yana duban takalminsa, Usta Shahata ya fi kowa daɗewa.

Nabawiyya ta dubi yatsanta, wanda ta shafa haruffan da shi jiya tana sa albarka. Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta wuce, ta kutsa tsakanin kujerun maza, tana ture gwiwoyi.

"Galila," ta ce da iyakar ƙarfinta. "Sunanta Galila 'yar Mahrus. Galila."

Daidai lokacin aka ba 'yan badujala hannu. Ganga ta ɗauka, ƙahoni suka bi. Waɗanda ke nesa suka ga tsohuwa tana ɗaga hannu bakinta yana motsi, suka ɗauka murna ce ta yi mata yawa, wasu har suka tafa mata. Mata biyu suka biyo ta suka kama ta ta kafaɗa.

"Ummu Sabri, rufa mana asiri. A gaban baƙi?"

Na kusa dai sun ji. Ragab yana cikinsu. Bai waiwayo ba, amma ta ga wuyansa ya sandare.

Aka ci shinkafa da naman rago aka watse. Nabawiyya ba ta ci ba, ba ta kuma tafi gida ba. Ta bi ta inda shinge ya ɓalle ta je ta zauna a kan wani gungume a bakin tsohon gangaren. Katakan sun ruɓe, ciyawa ta fito a tsakaninsu, an riga an kakkafa turakun masu gini. Bayan la'asar ta ji takun mutum a bayanta. Ta san shi ne, ta gyara zama tana jiran faɗa, ita ma da nata a shirye.

Ragab ya tsaya a gefenta. Ya duba hagu, ya duba dama, babu kowa sai tsuntsayen teku. Sannan ya tsuguna, babban mutum da furfurarsa.

"Khalti, sake faɗa."

Ta dube shi da idonta mai kyau.

"A hankali," in ji shi. "A takarda kawai na san shi. Ban taɓa jin yadda yake fita daga bakin mutum ba. Babana bai taɓa faɗa a gabana ba."

Faɗan da ta tanada ya zube. Ta faɗa masa, a hankali, yadda take kiran ta a rumfa in igiya ta sarƙe. Leɓunansa suka motsa suna bin ta, amma sauti bai fito ba.

"Yaya take amsawa?"

"Ba ta amsa kiran farko. Sai ka sake, ta ce na ji, ai ban kurmance ba."

Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da tafin hannu. Nabawiyya ta dafa kansa kamar yadda ta yi ranar da aka fita da gawar, yana ɗan mitsitsi yana tambayar ina za a kai ta. Ta bar shi har ya gama.

"Za ka sa a gyara?" ta ce.

Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"An riga an sassaƙa, Khalti. Marmara ce." Ya karkaɗe rigarsa. "Kuma don Allah, kada ki sake a gaban mutane."

Ya ce zai raka ta gida, ta ce ta san hanya.

Ta fito ta tsohuwar ƙofar. An kwashe kujeru, wani yana wanke jinin rago da bokiti, tafukan hannun tsofaffin suna narkewa suna bin bango. Wasu baƙi biyu, mata da miji, daga cikin waɗanda za su sayi gida a sabbin benayen, suna tsaye suna karanta sunayen. Mijin ya sunkuya ya nuna layin ƙarshe da makullin motarsa.

"Wannan Usta Garib ɗin lalle shi ne babbansu," ya ce wa matarsa. "Dubi, har matarsa aka sa saboda shi."

Nabawiyya ta tsaya. Ta buɗe baki, ta dubi mutumin, ta dubi mai bokiti, ta dubi titi. Ba ta ga fuska ɗaya da ta san rumfar mata ba. Ta ja mayafinta ta rufe kai, ta kama hanyar gida tana bin gefen bango saboda gwiwa.